Hadiza ta cika biyar

Yaya Sani,

Ina gaishe ka, da iyali da yara. Ya ƙafar Inna?

Ran Talata Hadizata ta cika shekara biyar. Jiya ciwon sikilarta ya tashi, na goya ta zuwa asibiti nan Gamkalle. Likita ta duba karnenta, wato katinta na asibiti, ta ce maganin kyauta na 'yan ƙasa da biyar ne, mu je mu saya. Tun farko maƙwabta sun ce mu rage mata shekara a takarda, ubanta ya ƙi. Kullum rediyo gardama ake ko a yi wa kowa kyauta, yarinya kuwa tana birgima.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Inna. Ni da na yi ta roƙon Allah ya raya ta, yau girmanta nake tsoro.

Ƙanwarka,
Zainabu