Kwalbati Ɗaya Ya Karye, Allurar Innata Ta Lalace

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da shirin ko-ta-kwana na yankinmu ke wuyansa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an shiga damina lafiya, ina neman afuwa tun yanzu. Bakina ba shi da linzami idan na tsorata, kuma a tsorace nake.

Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Ban yi nisa a boko ba, karatuna na waya ne da tsofaffin littattafan da nake tsinta a Gumel. Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon suga. Kullum sai ta yi allura, allurar kuma ba ta son zafi. Firji ɗaya ne a garinmu, na Malam Ado mai lemo. A nan kowa ke ajiye maganinsa, gefen zoɓo da fura.

A daminar bara aka yi ruwa da iska. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, turakun wuta suka faɗi, kwalbatin hanyarmu ya karye. Rashin wuta bai tayar mana da hankali ba, mun saba, kuma Malam Ado yana da janareta. To amma ta kan kwalbatin nan mai yake shigowa. Da galan-galan ɗin 'yan bumburutu suka ƙare, firji ya mutu. Motar masu gyaran wuta ma ta zo bakin ramin ta juya.

Na biyu, na ɗauki waya zan kira yayana a Gumel ya nemo sabuwar allura. Babu sabis. Ashe eriyar kamfanin waya ma man gas take sha, motar da ke kawo mata kuma tana can tsallake.

Na uku, nan har da laifinmu. Inna ta ce a saka allurar cikin randa, a kewaye ta da jiƙaƙƙen yashi kamar yadda ake yi a da. Muka bi gida-gida, babu randa ko ɗaya mai rai. Tun da famfo ya zo muka koma robobi, muka cike rijiyoyi da shara wai kada yara su faɗa, igiyar guga ta koma ɗaurin awaki. Injin burtsatse kuwa da wuta yake aiki. Ruwan kududdufi muka sha. Allura ta lalace, gudawa ta kama Inna a kan suga.

Ranka ya daɗe, ka san abin da ya cece ta? Amalanken shanun maƙwabcinmu Jauro. Shi ya ratsa gonaki da ita har bakin kwalta, yana ce mata ta yi haƙuri da jijjiga, motarsa ba ta shan mai. Daga nan aka sami mota zuwa asibiti. Ta tashi, alhamdulillahi, amma idonta ɗaya bai dawo daidai ba.

Da ƙura ta lafa na bi ofisoshi. Na ruwa ya ce injinsu lafiya lau, wuta ce babu. Na wuta ya ce hanya ce ta hana su. Na hanya ya ce ba wanda ya kira su. Da wace wayar za mu kira? Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan. Kowa yana gadin dutsensa, ba mai duba rumbun da ke zaune a kan duwatsun.

Na karanta cewa akwai masana da aikinsu ke nan. Suna zana wuta da ruwa da hanya da sabis da asibiti a wuri ɗaya, su ja layi daga kowanne zuwa abin da yake dogara da shi, sannan su zare ɗaya su ga me zai faɗi. Na gwada da tsinke a ƙasa a ƙofar gidanmu. Duk layin da na ja, a kwalbatin nan yake ƙarewa. In ni na gani da tsinke, ku da kwamfuta me kuke jira?

Don haka ina roƙo. Ka tara shugabannin ofisoshin nan a ɗaki ɗaya su yi wannan zanen, tun daga Maigatari har Gagarawa, a gano kowane gari da rayuwarsa ke rataye a abu guda. A sa wa burtsatse sola, a samar mana da firjin magani mai aiki da hasken rana. Mu kuma mun fara yashe rijiyar bakin masallaci da hannunmu. Kwalbatin kuwa a gina shi, don jar ƙasa kawai aka zuba aka tafi.

Yanzu haka hadari yana haɗuwa a gabas. Inna, wadda a da ita ce ta fi kowa murnar ruwa, ta kira ni ta ce, "Sagiru, je ka dubo min ko hanyar tana nan."

Me zan dawo in ce mata, ranka ya daɗe?

Allah ya yi riƙo da hannunka, ya ba ka ikon sauke wannan nauyi tun kafin ruwa ya sauko.

Wassalam.

Sagiru, ɗan Inna.