Gwadon Inna a Cikin Inji

Birnin Kudu,
3 ga Janairu, 1975.

Zuwa ga Yayana Malam Hambali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen gida da shanu. Yaya ɗari?

Albishirinka! Jiya Alhamis Safiyatu ta sauka lafiya, an sami mace. Shekara tara da aurenmu muna jira, Yaya. Ku ce ba ni da kunyar 'yar fari, na ji, amma har makwabta na tasa da kabbara.

Suna ranar Alhamis mai zuwa, kuma na yi wa mai jego alkawari Inna ce za ta fara goya jaririyar. Na san Inna ba ta kwana a ɗakin da ba nata ba. To, zan zo Laraba in kwana, mu taso da asuba, in maido ta kafin magariba. Liman ya yarda a kai raɗin suna hantsi.

Kada ta ji tsoron sanyi zai hana akori-kurata tashi. Ni da na fara da facin keke a bakin tasha, inji ba ya ɓoye mini komai. Doka ɗaya gare ni: kowace safiya in ɗaga murfin inji, in duba ruwan lagireto da baƙin mai da fambel, in bar ta ta yi ɗumi, in goge raɓar gilashi, sannan in kama hanya a hankali da fitila kunne. Wata goma sha huɗu, hannun ɗan Adam bai taɓa tura ta ba.

Ka gaishe mini da Inna.
Ƙanenka,
Badaru Mai Akori-kura.

*

Gwaram,
5 ga Janairu.

Zuwa ga Badaru,

Bayan gaisuwa. Barka da arziki, Allah ya raya. Na karanta wa Inna takardarka sau biyu. Ta ce a tsallake wajen mota a koma wajen jaririya.

Ta yarda, amma lallai ta kwana a ɗakinta, don saniyarta ta haihu, kuma ita ke lulluɓe maraƙin kullum da yamma. Gwaggo Kubra da mata uku za su bi ku da ƙoren gari. Ni zan tsaya da shanu.

Inna ta tambaya, ita motar a waje take kwana cikin wannan ɗari? Na ce haka ne. Ta ce kai dama tun kana yaro ba ka da tausayin dabba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Hambali.

*

Birnin Kudu,
10 ga Janairu.

Yaya Hambali,

Gaisuwa a gurguje, don ina da magana.

Ka dai gani da idonka, murɗa makulli ɗaya ta tashi, alhali ruwan alwala na yankan hannu. Har na ce wa Gwaggo Kubra, "Kin ga mota ko kuwa?"

Ba mu yi mil goma ba na ji ƙauri, allurar zafi ta haye. Na sauka gefen hanya na kashe. Ina ɗaga murfi, me zan gani? Gwado! Gwadon saƙi baƙi ya naɗe farfela, fambel ya tsinke gida biyu.

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Af, ba ka cire mata ba? Ai kai ka ce kullum kana dubawa."

Yaya, Inna ba ta san inda ake jan murfin inji ba. Wa ya buɗe mata?

Babu gari kusa, rana na ɗagawa, ni kuwa ba ni da fambel na canji. Na zauna a bakin kwalta ina tuna fuskar Safiyatu. Sai Inna ta ce, "Nuna mini abin da ya tsinke." Ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ai igiya ce." Ta yayyage gwadon, ta ɗora a ƙwauri ta hau tufka irin ta ɗaure maraƙi. Na ce, "Inna, wannan aikin Turawa ne." Ta ce, "Riƙe nan, sarkin surutu."

Na ɗaura, ta zauna daram. Na jira lagireto ya huce kafin in taɓa murfinsa, na ƙara ruwa daga butar Gwaggo. Na murɗa makulli, shiru. Ashe fitila na bari kunne, batir ya yi sanyi.

Ba zan ɓoye maka ba, tunda Gwaggo ba za ta ɓoye ba: an tura ta. Mata huɗu, zane a ɗamare, suna guɗa, Inna a gaba tana cewa, "Ku taɓa ta a hankali, ba ta saba ba."

Tafiyar keke muka yi, ina tsayawa ina duba igiya. Mun iso liman ya ɗaga hannu ke nan. An sa wa yarinya sunan Inna. Da aka ɗora mata ita a baya, Safiyatu ta yi ta hawaye, ni ma hayaƙin girki ya shiga mini ido.

La'asar na yi na sa sabon fambel na ce a tashi. Inna ta ce ɗakin mai jego akwai iska, wa zai lulluɓe takwara? Ga su Gwaggo nan yau da safe a motar hayar Ɗanbala da takardar nan. Inna kam ta kwana, kuma ba ta da niyyar tashi.

Ina jiran amsar tambayata.
Badaru.

*

Gwaram,
12 ga Janairu.

Badaru,

Bayan gaisuwa. Ni na buɗe, kana masallaci sallar magariba. Na so in gaya maka da asuba, sai na ga kana yi wa Gwaggo bayanin mota, ban sami ƙofar shiga ba.

Igiyar kuwa kada ka yar, ka aje a ƙarƙashin kujera.

Ka gaya wa Inna ina lulluɓe maraƙi da bargona. Ta zauna har ɗari ya wuce.

A shafa mini kan takwarar Inna.
Hambali.