Makarar Baba

Litinin, 3 ga Maris

A sanar da duniya: yau, ina da shekara hamsin da biyu, na koyi jan sauti a kwamfuta. Ana kama murya a miƙe ta ko a matse ta kamar roba, kuma ba ta koma ta sauro ko ta dodo ba. Na gwada da tarina. Ya yi daƙiƙa tara. Maman yara ta leƙo tana tambaya ko a kira likita.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙanwata Auta ta kawo kaset ɗin da ta tsinta a akwatin Baba. Muryarsa da ta rage mana ke nan: minti huɗu yana waƙa, yana buga tebur da cokali. Rabon Inna da jin sa tun rasuwarsa, shekara goma sha ɗaya, ga kunnenta kullum raguwa yake. Na yi alkawarin ranar Lahadi za ta ji shi fes.

Na juye a kwamfuta. Allah ya jiƙan Baba, amma tela ne, ba makaɗi ba. Ƙarshen kowane baiti sai ya yi shiru, cokalin ma ya tsaya, sannan ya shigo a makare.

Alhamis, 6 ga Maris

Abin da ya ɗaure min kai: shirun sau goma sha huɗu ne, kuma kowanne kusan daƙiƙa biyu. Mai mantuwa ba ya mantuwa da awo. Numfashi? Ban ji ya ja ba. Na ƙure sauti, sai shuuu ɗin kaset da wani abu can nesa kamar zubar famfo. Na goge shi.

Asabar, 8 ga Maris

Na matse shirun duka, na zaunar da kowane bugu a kan layinsa. Yanzu Baba tafiya yake kamar agogo. Auta ta ce da na bar tsoho yadda yake. Na ce mata ilimi kogi ne. Ta ce ai shi ya sa wasu ke nutsewa.

Lahadi, 9 ga Maris

Inna ta zauna dab da sifika, ta tallafe kunne. Baitin farko na ƙarewa ta buɗe baki, ta fara rera wani abu, sai muryar Baba ta hau kanta. Ta sake a na biyu. Haka dai. 

"Wa ke korar sa?" in ji ta.

Na fara bayani a kan layi da awo. Ba ta ko dube ni ba.

"Ni yake jira. Ina wanke-wanke a kicin, ina amsa masa. Bai taɓa shigowa ban gama ba."

Famfon nan da na goge.

Litinin, 10 ga Maris

Ban kunna kwamfuta ba.

Talata, 11 ga Maris

Auta ta aro tsohuwar rediyo wurin mai gyara, muka saka kaset ɗin yadda yake, da shuuu ɗinsa da komai. Inna ta amsa sau goma sha huɗu. Kowane amshi ya shiga gurbinsa daidai, tana rufe baki cokalin na sauka. Na ɗauka a waya. Auta ta raɗa min ko wannan ma zan gyara.

Baba bai makara ba. Ni na yi sauri.