Rijiyoyin Baba a Cikin Kwamfuta

Gumel, 9 ga Maris, 1997

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar Holan? Mu nan lafiya lau, ni da 'yarka Murja, sai kewarka da zafin bazara da ya soma.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, kwananta ashirin da uku a hanya. Na karanta na sake karantawa ina neman inda ka tambayi lafiyata, sai na tarar layi biyu ne nawa, shafi guda cur na kwamfutarka. To ranka ya daɗe Injiniya, tana lafiya. Kullum ina lulluɓe ta da zane, kuma ban bar kowa ya zura mata faifai ba, kamar yadda ka yi ta nanata min har a tashar mota.

Aikin da ka bar min yana tafiya. Duk Asabar nakan hau mota zuwa Sule Tankarkar da rikoda, in zauna daga bakin ƙofar Baba, shi kuma ya yi ta bayani. Wallahi ban san mahaifinka ba sai yanzu. Mutum ya yi shekara hamsin yana haƙar rijiya, amma bai manta ko ɗaya ba: wadda rairayi ya binne, zurfin gaba nawa aka yi kafin a iske ruwa, wace bishiya za ka bari a wane hannu in kana neman bakinta. Mun kai rijiya casa'in da shida, daga Gagarawa har bakin iyaka. Yanzu duk wanda ya zo gaishe shi sai ya gaya masa rijiyoyinsa suna wurin surukarsa a Gumel, an ajiye su a inji.

Abin da ke damuna shi ne kaset uku kacal ka bar min, na kasuwa kuma cinye zare suke yi. Don haka in na gama buga abin da ke kan kaset sai in ɗauki sabon bayani a kansa. Firintar kuma har yau tana wurin mai gyara a Kano. Ka ga ke nan, ban da kan Baba, maganar nan wuri ɗaya take a duniya. Shi kuwa muryarsa ta fara ja baya, Iya ta ce ba ya gama abincinsa.

Jethro maƙwabcinmu, mijin Cecilia, wanda ke aiki da kwamfuta a sakatariya, ya ce wata cuta tana yawo a injina, bairos suke ce mata, a faifai take tafiya. Ya ce maganinta iri biyu ne a gari: na asali a kwali a rufe, sai Kano, da kuma wanda ake ta kwafa hannu zuwa hannu, wanda ya ce kada in kuskura. Ya ce masu haɗa kwamfuta da wayar tarho har wata katanga suke sa mata, amma mu da ba mu da waya, katangata bakina ne, in iya cewa a'a. Na yi dariya, na ce ai wannan ba wuya. Zai sayo mana na asalin in ya samu shiga Kano.

Murja na gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita. Ka riƙa sa rigar sanyi.

Taka,
Mansura

Gumel, 24 ga Afrilu, 1997

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka yi Sallah lafiya, ko da yake na san babu rago babu dangi. Allah ya maimaita mana. Mu muna lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma gara in gaya maka da kaina.

Yaya Ilu ya zo yawon Sallah daga Maigatari. Ya ji labarin cutar nan a kasuwa, sai ya zo da faifai a aljihun gabansa, wai maganin bairos ne, wani abokinsa mai shagon buga takardu ya samo daga Damagaram, har da rubutun Faransanci a jiki. Ya ce tunda ba ka nan, kula da kayanka a wuyansa yake, kuma bai ga dalilin jiran Kano ba alhali ga magani a hannu.

Ka san tsakanina da yayanka. Shekara takwas ina gidanku ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Ya zauna a kujerarka, ni ina durƙushe a bakin ƙofa. Maganarka ta zo min har maƙogwaro, maganar Jethro ma haka. Amma yaya zan ce wa wan mijina, ranar Sallah, abin da ya ɗauko musamman don ya taimake mu ƙazanta ne? Da wane baki? Abin da na iya faɗa kawai shi ne an gode, Allah ya saka. Ni na kunna masa injin da hannuna.

Wani rubutu ya yi ta gudu a gilashin injin, sannan ya ce an gama. Yaya ya tashi yana murna, har ya ba Murja goron Sallah.

Tun daga ranar injin ya canja. Da, kafin in gyara zama ya buɗe, yanzu sai in ɗora ruwa ya tafasa yana ta gurnani. 'Yar fitilar nan ta wurin faifai takan kunna kanta babu kowa kusa. Shekaranjiya ina cikin bugu sai na ga layi guda na rijiyar Tsamiyar Ɗantsoho ya ɓace, ya dawo, kamar an ɗaga shi an duba ƙarƙashi. Wataƙila zafi ne, don garin nan ko ƙarfe gumi yake yi. Ni dai jikina bai ba ni ba.

Kada ka rubuto wa Yaya komai, don Allah. Zai ce na kai ƙararsa har ƙasar Turawa. In za ka yi faɗa, ni za ka yi wa, na shirya.

Baba yana gaishe ka. Makon jiya rabin sa'a kawai ya iya yi, ya ce ya gama, abin da ke kansa ya zube min shi duka, rijiya ɗari da sha huɗu cif.

Matarka,
Mansura

Gumel, 20 ga Mayu, 1997

Maigida,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Amsarka ba ta iso ba tukuna, ban sani ba ko fushi ne ko gidan waya.

Jethro ya shigo ya duba, Cecilia ta rako shi. Ya daɗe yana kallon gilashin, har Cecilia ta taɓa shi. Sannan ya ce faifan Yaya ba magani ba ne, ko kuwa da magani ne amma ya bi injina da yawa har ya kwaso cutar, yana rarraba ta duk inda aka sa shi. Ya buga wa wani abokin aikinsa waya a Kano, ya kwatanta masa alamomin, wancan ya gane ta. Wai irin mai kwanton ɓauna ce. Ba ta yin ɓarna sai ranar da agogon injin ya nuna watan Yuni, ran nan sai ta share komai, tas.

Na ce to a kwashe littafin Baba a faifai mana. Mun gwada har sau uku da sababbin faifai. Duk wanda Jethro ya buɗe a wani tsohon inji da ba a amfani da shi, sai tarkacen alamomi, babu kalma ɗaya ta mutane. Ta tare ƙofa, ba ta barin komai ya fita da rai.

Ya je Kano ranar Asabar, na asalin ya ƙare, sai an kawo daga Legas, mako biyu ko uku. Dabarar da ya yi mana ita ce ya mayar da agogon injin baya zuwa watan Janairu, don cutar ta ɗauka lokacinta bai yi ba. Ya ja min kunne sosai: muddin ba a gyara kwanan watan nan ba, muna da lokaci.

Ni dai ban yarda da ita ba, don haka na sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta, na koma kwafa daga gilashi da biro. Abin da na buga da yatsuna wata shida, ga ni ina mayar da shi takarda kamar mai horo. In na dawo daga aiki in akwai wuta sai in zauna, in babu in yi ta kallon ƙwan fitila. Jiya wutar minti arba'in ta yi. Na kai rijiya ta talatin da ɗaya, yatsana har ya yi kanta. Duk sanda na kunna injin sai in fara duba kwanan watan kafin komai, ina jin kamar akwai wani abu a ciki da yake jirana in yi kuskure.

Cecilia ta ce in gaya wa Yaya, ko ba komai ya daina yawo da faifan. Na ɗauki biro sau biyu zan rubuta masa, na ajiye. In ce masa me? Kai ne ka kawo mana cuta? Na ce a raina bari maganin ya iso a warke, maganar ta mutu ba wanda ya ji kunya.

Baba ya kwanta sosai, ba ya fita ko masallaci. Ka yi masa addu'a. In da hali ka nemi izini ka zo, ko na mako ɗaya ne.

Taka har kullum,
Mansura

Gumel, 12 ga Yuni, 1997

Maigidana,

Assalamu alaikum. Na san saƙon tangarahu ya same ka. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya cika da kyau, da kalmar shahada, Iya na riƙe da hannunsa. Ina ɗakin.

Akwai wata magana, kuma ban san yadda zan sassauta maka ita ba, don haka zan faɗe ta yadda ta faru.

An aiko min ranar ƙarshen watan Mayu, na kulle gida na tafi da Murja. Bayan sadakar uku, ina cikin mata a ɗakin Iya, sai Yaya ya aiko a karɓi makullin gidanmu. Wai zai je Gumel ya tsara takardar sanarwar sadakar bakwai a kwamfutarka, don ba zai kai sunan mahaifinsa shagon haya a buga ba alhali akwai inji a gidan ƙanensa. Iya da kanta ta miƙo min hannu. Na so in ce makullin ya ɓata, na kasa yin ƙarya a gidan makoki. Na so in ce a gaya masa kada ya taɓa agogo, sai na tuna zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne, a gaban mata cike da ɗaki. Na kwance makullin daga bakin zanena na bayar. Na ce a raina takarda kawai zai buga, me zai kai shi ga agogo?

Da yamma ya dawo. Daga tsakar gida nake jin sa yana gaya wa Iya wai ya tarar injin ƙanensa Habibu ya rikice, yana nuna watan Janairu, ga shi takardar mutuwa ba a wasa da kwanan watanta, shi ne ya gyara mana. Wai yana gyarawa injin ya yi duhu ya ƙi tashi, zafi ne ya gajiyar da shi, a bar shi ya huta. A shago ya buga takardar daga ƙarshe. Ya leƙo ya miƙo makullin, ni kuwa na durƙusa na ce sannu da ƙoƙari, Yaya. Wallahi haka na ce.

Shekaranjiya Jethro ya dawo daga Kano da maganin asali a kwalinsa. Ya wuni a kan injin, bai ci abinci ba. Babu komai a ciki, ko sunan littafin babu. Kwalin yana nan kan tebur, na rasa abin da zan yi da shi.

Yaya bai sani ba har yanzu, kuma ban ga laifinsa ba. Sau biyu ya zo taimako da zuciya ɗaya. Ni ce na san gaskiya tun watan jiya na rufe bakina don kada a ce matar Habibu ba ta da kunya. To ga kunyar nan na tsira da ita, rijiya sittin da bakwai kuma sun tafi tare da Baba. Arba'in da bakwai na samu na kwafa. Ina ta ƙoƙarin tuno sauran, tunda ni na buga su, amma sunaye kawai ke zuwa, gaba nawa da wane hannu sun gauraye min.

Yanzu haka da nake rubuta maka, dattawa huɗu suna zaune a zaure. Daga wani ƙauye suke bayan Sule Tankarkar, da ƙafa suka fito har bakin titi. Rijiyarsu ta ƙafe, ruwan sama bai sauka ba, matansu na tafiyar rabin wuni da tulu. Sun ce kafin ya rasu Baba ya gaya musu akwai tsohuwar rijiyar kakanninsu a binne kusa da su, ruwanta ba ya ƙarewa, su zo wurina in duba musu a inji. Na tuna ranar da ya faɗe ta, na tuna har tarin da ya yi a tsakiya. Na duba littattafan nan biyu shafi shafi, sau uku. Ba ta ciki, ban kai gare ta ba.

Na aika musu da ruwa da fura, sun sha, sun yi godiya, sun ce in yi a hankali ba sa sauri. Zan ajiye biron nan in sa mayafi in fita in gaya musu.

Ka yafe min. Murja na gaishe ka.

Matarka,
Mansura