Muryar Sufeto Hawainiya

Ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiya.

Kin ce in daina rubuto miki "da sauƙi" kawai, in faɗa miki gaskiyar jikin Baba. To, ga ta. Yana cin abinci, yana takawa da sanda daga gado zuwa kujerar falo. Hannun dama ne har yanzu bai tashi ba. Magana kuwa ya ƙi ta. Likita ta ce harshen nauyi ya yi, bai mutu ba, amma idan bai motsa shi a watannin nan ba, yana iya zama haka ke nan. Tun ranar da ya nemi ruwa a gaban baƙi wata kalma daban ta fito, ya kulle bakinsa. Shi ya sa ba ya karɓar wayarki. Ba fushi ba ne, kunya ce.

Na yanko hotuna na liƙa a kwali, kofi da takalmi da agogo, ina nuna masa idan na dawo daga shago. Sai ya yi mini kallon da yake mana in mun kawo sakamako marar kyau, ya juya fuska bango. Matata, antinki, ta ce na mai da dattijo ɗan aji ɗaya. Ina jin da gaskiyarta.

Amma wata dabara ta zo mini. Kin tuna Sufeto Hawainiya? Katun ɗin nan na talabijin, na ɗan sandan ciki mai doguwar kwat, wanda in ya laɓe a jikin koren bango sai ya rikiɗe ja wur, da hankakan da ke binsa, da Baba ya raɗa wa Kofur, wanda a dalilinsa ake ce mini Kofur har yau. Kin san tsohuwar talabijin ɗinmu ba ta da murya, Baba ne yake yi wa kusan kowa magana. Mai gyaran rediyon layinmu ya ce zai samo mini shirin a faifai, tas da muryarsa. Ko zai yi amfani, ban sani ba. Na saba yin abu da kyakkyawar niyya ya kwaɓe.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Kofur

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan zazzaɓin ƙaraminku ya tafi. Saƙonki ya iso, mun gode.

Ya kwaɓe, kamar yadda na yi tsoro. Na goge gilashin talabijin, na gyara wa Baba matashi, na zauna a ƙasa gefen ƙafarsa inda nake zama muna yara. Da Sufeto ya fito yana taku ɗai-ɗai, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, na ga bakin Baba ya motsa. Sai Sufeto ya yi magana. Auta, wata siririyar murya ce mai sauri, da Turanci, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ba namu ba ne. Baba ya saurara kaɗan, ya laluba sandarsa, ya koma ɗaki.

Ni na zauna na ƙarasa, kuma gara ki ji daga bakina. Ashe hankakan nan ba Kofur ba ne. Shi ne ɓarawon! Duk satar da ake yi a garin shi yake yi, yana bin Sufeto ne don ya ga inda bincike ya dosa. Baba ya ga tsuntsu na bin ɗan sanda, ya ba shi muƙami. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allura ba, ashe sunan ɓarawo nake amsawa tun ina gajeren wando. Antinki ta yi dariya har da riƙe ciki, yanzu ko ludayi ta nema ta rasa sai ta ce a caje Kofur.

Ni dai dariyar ba ta zo mini ba. Gani nake kamar na kawo wani ya nuna wa Baba cewa aikin da ya yi mana shekara da shekaru ba daidai ba ne. Na sa faifan a aljihun tebur.

Naki,
Kofur (ko in ce ɓarawo)

Autar Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Zauna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi antinki ta ciro faifan, wai so take ta ga ƙarshen hankaka. Jaririn maƙwabta na barci a kan kujera, uwarsa ta je asibiti, don haka ta kashe murya. Baba na zaune yana shan iskar fanka. Shirun ya dame ni, ban san lokacin da na fara yin muryar Sufeto ba. Kin san ni da wasan kwaikwayo, kamar mai karanta takardar magani. Na zo wurin da yake gano sawun ɓarawo, na ce, "Na gan ka da idanuna biyu."

Sai na ji an buga sanda a ƙasa.

"Ba haka ba."

Maganar Baba ta fito a karkace, amma ta fito. Antinki ta toshe baki da gefen mayafi. Ni kuwa tsoro ya hana ni juyawa, sai na sake faɗa, na ƙara ɓata shi da gangan. Baba ya yi tsaki, ya ɗaga yatsan hagu, ya ja kalmomin ɗaya bayan ɗaya: "Na gan ka da idon hagu. Na dama yana tafe."

Auta, nauyin harshen ma ya dace da Sufeto, kin san hawainiya ba ta gaggawa. Inda kalma ta maƙale sai ya jira ta, mu ma mu jira. Wasu sun fito a juye, bai damu ba, ai ba shi ke magana ba, Sufeto ne. Da hankaka ya sauko, Baba ya dube ni ya ce, "Kofur, aikinka." Na yi niyyar gaya masa gaskiyar tsuntsun nan, antinki ta take mini ƙafa. Na sara masa, na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Yau da safe na kai talabijin wurin mai gyara na ce ya cire wayar lasifika. Ya dube ni ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa lafiyayya ya ɓata ba.

Saura ke. Akwai tsohuwar nan da kullum ake sace wa tukunya, wadda ke kike yin muryar kukanta muna yara. Mun zo wurinta, antinki ta gwada, Baba ya girgiza kai ya ce, "Ta Auta ce." Ki kira gobe da yamma, zan kara masa wayar. Kada ki tambaye shi jiki. Ki fara da ihun tukunyarki kawai.

Yayanki mai ƙaunarki,
Kofur