A Maido wa Yaya Fitonsa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Haƙora,
Babban Asibiti.

Daga:
Ƙanwar majinyaci,
Shagon ɗinki na ƙarshe, layin bayan tasha.

9 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TOSHE KOGON HAƘORIN YAYANA BA TARE DA AN TUNTUƁI IYALI BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin yayana, mai gyaran keke. Shi ba zai rubuta ba, domin mutum ne da ko taka shi aka yi, shi zai ba da haƙuri.

1. Tun yana saurayi Yaya yake da ɗan kogo a haƙorinsa na gaba. Duk sanda ya yi magana sai wani siririn fito ya biyo muryarsa, musamman wajen sallama. Mahaifiyarmu, Inna, ta makance, tsufa kuma ya kwashe mata sunaye. Ni da ta haifa, mai wanki take ce mini. Amma fiton nan ba ta taɓa mance shi ba. Daga hannun Yaya kaɗai take cin abinci da shan maganin hawan jini.

2. A farkon Afrilu kogon ya ci har jijiya. Kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo, dasashi yana fitar da mugunya, ko iska ta taɓa haƙorin sai ya yar da sifana ya dafe kai. Likitanku ya ɗauki hoto, ya yi allurar kashe zafi, ya zare ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya wanke ramin ya cike, a zuwa na biyu ya ɗora wa haƙorin hula fara tas. Ba mu musanta cewa ciwo ya tafi ba, Allah ya saka. Sai dai ba wanda ya gaya mana har da fiton za a zare.

3. A ranar 21 ga Afrilu Yaya ya dawo gida ya yi sallama. Inna ta amsa, ta gyara mayafi, ta ce a ba baƙo ruwa. Ya rantse shi ne, ya miƙa mata gwiwarsa ta shafa tabon raunin da ya ji yana yaro, ta ce ai ɓarayin yanzu har da tabo suke zuwa. Daga nan ta kulle baki, ba abinci, ba magani.

4. Mai girma, mun yi iya yinmu. Yaya ya aro usur, ta ce masu ƙwallo su koma filinsu. Ya soka tsinke tsakanin haƙoransa, miyau kawai ya samu. Muna cikin haka butar shayi ta tafasa ta fara fito, sai Inna ta washe baki, ta yi wa ɗanta sannu da zuwa, ta tambaye shi ina ya shige. Tun ranar, in lokacin magani ya yi, buta ake ɗorawa a wuta. Yaya ya durƙusa da cokali, ya kame bakinsa, ita kuwa ta juya wajen murhu tana sa wa buta albarka. Wallahi kallon wannan ba daɗi. Yanzu kuma ta fara ƙorafin cewa ɗanta ya daina magana, fito kawai yake yi, kuma numfashinsa ya cika zafi. Shekaranjiya ta miƙa hannu za ta shafa kansa, da ƙyar na riƙe ta.

5. A ranar 2 ga Mayu mun koma wajen likitan da roƙon ya ɗan huda hular. Ya nuna mana hoto, ya ce aiki ya yi kyau, kuma iska in ta shiga, ƙwayoyin cuta ma za su bi ta. Ma'aikaciyar da ke taya shi ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya kuwa godiya ya yi musu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka ya ba da umarni a buɗe wa haƙorin nan ƙofa, ko da faɗin kan allura ne, ta gefen da ba za ta taɓa lafiyarsa ba. Idan ƙa'ida ta hana, a turo likitan da kansa ya yi wa Inna bayanin inda ɗanta yake. Domin jiya ta kira Yaya, ta ce ta lura shi baƙon kirki ne, ta roƙe shi ya fita ya nemo mata yaronta, ya gaya masa ta yafe ko mene ne ya sa ya daina yi mata magana. Ya amsa da to. Yanzu haka yana tsaye a bayan ƙofa, yana ta hura iska ta cikin lafiyayyen haƙorinku.

Ina jiran umarninka cikin girmamawa.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Ƙanwar majinyaci, wadda Inna ke kira mai wanki.