Gidan da Gambo Ya Gina a Kan Ƙyaure

Madarumfa, bazarar 1973

Zuwa ga ƙanwata Salamatu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Malam Shu'aibu da ɗiyata Hajara. Ya aikin gidan likita? Mu nan sai godiya. Matata Balaraba tana gaishe ki. Ɗinki ya ja baya, don bana mutane ta hatsi suke yi, ba ta riga ba.

Batun Inna ne. Tana cin tuwonta, tana salla, ko da yake wani lokaci takan yi la'asar sau biyu. Abin da ya ƙaru shi ne tafiya. Da rana ta yi sanyi sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta ɗora a ka, ta ce mini, "Malam tela, na gode da masauki, zan koma gida kafin awaki su shigo." In na ce ai nan ne gida, sai ta yi murmushin wanda ba ya son ya ƙaryata mai masaukinsa. Kin san gidan da take nufi, namu na bakin tabki, wanda ruwa ya ci shekarar da Baba ya rasu.

Bana fari ya sa tabki ya ja baya ƙwarai. Ran nan sai na ƙyale ta, na bi bayanta. Muka taka har wurin. Salamatu, tushen katangarmu yana nan, da kututturen magaryar tsakar gida. Na tsaya inda ɗakinmu yake, ina jin kamar in na juya zan gan ki kina wasa da ƙasa. Inna ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, "Ba nan ba ne." Muka dawo.

Washegari na koma da jaki na ɗebo ƙasar wurin. Na jiƙa ta, na kwantar da wani tsohon ƙyaure a kan turame biyu a bayan shagona, na fara buga tubali ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kin tuna yadda nake yin motocin kara muna yara? Hannun bai manta ba. Yanzu katanga ta kai tsawon yatsa, zaure ya tashi, na yi masa azara da tsinken tsintsiya. In na zauna a gabansa ban sanin lokacin da ake kiran salla.

Ki taimake ni da abin da na manta. Ƙofar ɗakin Inna ina ta fuskanta? Rumbu yana dama da turken awaki ko hagu? Kwanonin jerenta, masu jan fure ne ko masu shuɗi?

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Gambo


Yamai, bazarar 1973

Yaya Gambo,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso ta hannun Ɗan Azumi direba. Muna lafiya.

Na nuna wa lokotoro, wato likitanmu, bayanin Inna. Ya ce ciwon tsufa ne, ba shi da allura. A riƙa sa ido a kanta, kada ta fita ita kaɗai, musamman wajen ruwa. Na aiko da maganin ƙarin jini, cokali ɗaya bayan abinci.

Batun ginin nan, ban gane ba. Mutum da gemunsa, da iyali, a shekara irin wannan, ya zauna yana wasan ƙasa? Amma tunda ka tambaya: ƙofar Inna gabas take kallo, don rana takan shigo har kan gadonta da safe. Rumbu yana hagu. Kwanonin masu shuɗi ne, guda ɗaya ne mai jan fure, shi ne wanda ba a taɓawa sai an yi baƙi. Ka kuma manta da randar da ke gindin magarya, wadda aka ɗaure wuyanta da waya.

Ga wasu kwalaben allura da suka ƙare, na wanke su. Ka ga ko za su yi maka tulu.

Kada ka sa ran zuwana bana. Aiki ya yi yawa a matanite, asibitin haihuwarmu, mata suna ta zuwa daga ƙauyuka babu jini a jikinsu. Kuma ka san yadda zuwana na ƙarshe ya kasance. Na yi kwana biyu a mota, na durƙusa a gabanta, ta dube ni ta ce maka, "Ɗiyar wa ce wannan?" Ba zan iya sake jin wannan ba.

Ka gaida Balaraba. Ka gaida Inna, ko da ba za ta san daga wa ba.

Ƙanwarka,
Salamatu


Madarumfa, bayan kakar 1973

Salamatu ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki. Kaka ta wuce, abin da muka samu a gonarmu ta ƙauyen Safo bai cika rumbu rabi ba, amma mun gode Allah. Maganin ya iso, kwalaben ma. Sun yi tulu har da randa, na shafe su da jar ƙasa, na ɗaure wuyan guda da zare.

Kin ce wasan ƙasa. Ba ke kaɗai ba ce. Musa mai kifi yakan leƙo ya ce, "Gambo, yaushe za a tare? In zo da kayan miya?" Ni kuwa sai in ce ya jira a gama daɓe. To an gama. Balaraba ce ta daɓe ɗakunan da bayan cokali, ta ja zane a bangon zaure da farar ƙasa da bula. Jinkar rumbu da ciyawar bakin rafi na yi ta. Kwanonin jere murafan kwalba ne, na shafa musu shuɗi da tsinken ashana, guda na ɗiga masa ja. Gadon Inna na ɓawon kara ne, na manne shi da ƙaro, na yi masa shimfiɗa da ƙyallen atamfa. Da hantsi rana takan shiga ta ƙaramar ƙofar nan ta kwanta a kan gadon, yadda kika ce. Nakan sa idona a bakin zaure in leƙa, sai in ga tsakar gida ta yi faɗi, har in ji kamar ƙamshin daddawa.

Ga abin da nake son ki sani. Wata la'asar Inna ta fito da ƙullinta a ka, za ta gida. Hanyarta ta biyo ta bayan shago. Ta wuce ƙyauren, sai ta tsaya, ta dawo da baya. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wane ne ya kai rumbu can? Kaji za su dame shi." Ta sauke ƙullin, ta sa yatsu biyu ta ɗauke rumbun, ta ajiye shi bayan madafa. Ashe ni da ke duk mun yi kuskure. Ta nemi kujera. Ba ta tafi ko'ina ba ranar, har aka kira magariba.

Tun daga nan kullum tana wurin. Ita ce mai gida, ni magini. Ta sa na rushe akurki na sake. Ta ce indararon soron Baba ya yi gajere, zai zubar da ruwa a kan katanga. Sannan ta nuna wani fili kusa da ɗakinta ta ce, "Ina ɗakin nan?" Na ce babu ɗaki a nan, Inna. Ta ce, "Akwai. A nan na haifi tagwaye." Salamatu, tagwayen da na biyo, waɗanda ba su yi shekara ba a duniya. Ba ta taɓa yi mana zancensu ba. Ta ce ƙaramin ɗaki ne mai jinka, Baba ya rushe shi bayan sun koma, kafin a haife ni. Ta ce ɗayar tana da tabo a kunne, ɗayar kuma ba ta barci sai an yi mata waƙa. Na gina ɗakin. Da na gama ta ce a sa masa asabari, saboda iska.

Har yanzu Malam tela take ce mini. Ban damu ba. Ta ce aikina yana da kyau.

Allah ya ba ki lafiyar aiki. A shafa mini kan Hajara.

Yayanki,
Gambo


Yamai, ranin 1974

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na karanta takardarka sau da yawa, na rasa ta inda zan fara.

Ban san da ɗakin nan ba. Shekara nawa ina karɓar haihuwa, ban taɓa tambayar Inna yadda tata ta kasance ba.

Tun da ka rubuto nake mafarkin gidan. Ina shiga ta zaure, komai ƙarami, ni ma ƙarama. Ina jin dakan Inna a bayan madafa, ina ta zagayawa, katanga tana ƙara tsawo, ban kai gare ta ba sai in farka. Ba mafarkin tsoro ba ne. Nakan tashi ina jin sanyin randar nan a maƙogwarona.

Hajara ta ga ina yanka bandeji ƙanana-ƙanana ta tambaye ni, na ba ta labari. Mu biyu muka yi abin da ke cikin kwalin ashanar nan: zannuwan goyo biyu na tagwaye, da tabarma da ta saƙa da zaren buhu, da faifai. Faifan ya karkace, amma ta ce kada a gyara. Na janye maganar wasan ƙasa.

Yaya, tambaya ɗaya, ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni. A cikin gidan nan da take tunawa da kaji da indararo, ina ciki?

Ka gaida Balaraba da sannu da ƙoƙari.

Salamatu


Madarumfa, daminar 1974

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Ruwa ya sauka, alhamdu lillahi. Gero ya kai gwiwa, tabki yana dawowa, ya riga ya rufe tushen tsohon gidanmu. Jiya na ga masu kwalekwale suna jefa taru daidai inda magarya take. Na ɗauke ƙyauren na shigar da shi ɗakin Inna don kada ruwa ya narkar da shi, kuma don ita ma yanzu ba ta iya fitowa. Ƙafafunta sun kumbura, abincinta bai wuce kunu ba.

Kayanku sun iso. Ta shimfiɗa tabarmar Hajara a gindin magarya, wadda na yi da reshen ƙaya. Zannuwan goyon kuwa ta daɗe tana murza su a tafin hannunta.

Ni ban yi mutane a gidan ba, gini kawai na yi. Ita ce ta ce gida ba ya zama haka shiru. Ta sa Balaraba ta tara mata ƙasusuwan ƙafar akuya, irin waɗanda kuke yin ƴar tsana da su kuna yara, ta naɗa musu ƙyallaye. Ga Baba a zaure da farin rawani. Ga tagwaye a ɗakinsu. Ga ni a bakin turke, wai na ƙi zuwa makarantar allo. Takan yi musu magana a hankali, ta kwantar da wannan, ta tayar da wancan. In na zauna kusa da ita sai in rasa ko ni ne babban da ke kallo, ko wancan ƙaramin da ke tsaye wajen awaki.

Kin ce in faɗa miki gaskiya. Kina ciki. Taki ƴar tsanar ita ce mai jan ɗankwali. Amma ba ta sa ki a cikin gida ba. Ta tsayar da ke a waje, can bakin ƙyauren, da tulu a gefenki. Na ɗauke ki zan shigar, ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar ta, ta tafi ɗiban ruwa, da ƙafarta za ta dawo." Duk yamma takan rufe kaji, ta saki asabarin tagwaye, amma ƙofar zaure ba ta yarda a rufe.

Ba zan ce miki za ta gane fuskarki ba. Ni da nake gabanta kullum ba ta gane tawa ba. Abin da na gani ne na faɗa miki. Ɗan Azumi yana tasowa daga Yamai duk ranar Talata.

Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri.

Yayanki,
Gambo


Madarumfa, daminar 1974

Zuwa ga maigida, Baban Hajara.

Ina gaishe ka da girmamawa. Na iso lafiya, hanya ta yi laka daga Maraɗi amma mun wuce.

Inna ba ta gane ni ba. Ta ce mini sannu da zuwa, baƙuwa, ta matsa mini wuri a gefen ƙaramin gidan da Yaya ya gina. Ta miƙo mini gashin kaza ta ce in taya ta shara, wai bayanta na ciwo. Na sunkuya ina share ƴar tsakar gidan nan, tana kallon hannuna. Can ta ce, "Ke ma da hagu kike yi. Ina da ɗiya haka. Na yi ta bugun hannun nan ta ƙi sakewa, ashe hannun alheri ne, an ce ƴaƴan mutane take karɓa da shi a birni. In kin zauna kwana biyu za ki gan ta." Na ce zan zauna.

Ka je wurin shugabar matanite ka roƙa mini ƙarin hutu. In ba su bayar ba, ka gaya musu ina nan duk da haka. Ka turo Hajara da motar Talata, ta zo da zaren buhunta, Inna ta ce ɗakin baƙi ba shi da tabarma.

Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Salamatu